Ƙanena ya mai da mota gida, ya cire 'yarsa daga makaranta

Assalamu alaikum Anti. Ina da ƙane da ya shekara 14 a Amurka, aikin kwamfuta yake yi, irin wanda ba sai an je ofis ba. Shekara biyu ke nan da ya saki gidan da yake haya a Teksas, ya sayi wata doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu suka shiga duniya. Yau suna wannan jiha, jibi suna waccan. Babbar takwarar Hajiyarmu ce, muna ce mata Ummi, shekararta 10, ƙaninta kuma 6. Ya cire ta daga makaranta, wai uwarta ce ke koya mata a cikin motar. Babu Islamiyya, Hausar ma ta fara guduwa daga bakinta. Hajiya kullum kuka, a unguwa kuma har an fara cewa talaucewa ya yi shi ya sa yake kwana a mota. Makon jiya muna waya ta bidiyo, da uwar ta ɗan fita sai Ummi ta ce min: "Gwaggo, duk ƙawar da na yi, kwana huɗu sai mu tafi." Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na yanke shawarar in sa Hajiya ta umarce shi ya turo min ita Kano. Ina da 'ya sa'arta, baɗi sai in kai su makarantar kwana tare. Maigidana ya ce kada in shiga. Anti, yaya zan yi?

Gwaggon Ummi, Gwammaja

Wa alaikumus salam, Gwaggon Ummi.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk a wuri ɗaya nake tsayawa, wajen maganar da yarinyar nan ta jira uwarta ta fita sannan ta faɗa miki. 'Yar shekara 10 ba ta zaɓen lokacin magana haka kawai. Ta auna, ta ga in ta faɗa a gaban uwarta za ta sosa mata rai, sai ta nemi wadda za ta iya ɗauka. Ke ta zaɓa. Duk abin da za ki yi daga yau, ki yi shi yadda gobe ma za ta sake zaɓenki. Amma kin ɗaure min kaya da yawa a ƙunshi ɗaya, bari in fara sauke marasa nauyi.

'Yan unguwa tukuna. Na taɓa shiga irin motar nan. Shekarun baya da na je yi wa 'yata wankan jego a Teksas, surukina ya kai mu shan iska bakin wani tafki, sai ga su jere reras kamar motocin Legas a tashar Sabon Gari. Wata tsohuwar Baturiya ta ga ina leƙe, ta yafito ni na shiga tata. Gado, murhun gas, firji, ɗan teburin da ake naɗewa da dare ya zama makwanci, da banɗakin da in kika buɗe hannu za ki taɓa bango biyu. A ƙarƙashi tankuna uku, na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida, biyun ƙarshen kuma sai an kai su inda aka tanada an juye. Yawancin waɗanda na gani tsofaffi ne da suka yi ritaya. Sanyi ya kama su gangara kudu, Arizona ko Fulorida, zafi ya zo su haura arewa. Na ce wa surukina ashe Turawa ma suna kiwo, shanun ne kawai babu. Motar ba ta matsiyaci ba ce, ga shan mai, ga kuɗin wurin kwana inda ake jona mata wuta da ruwa, ga gyara. Amma ba zan rufe ki ba, akwai waɗanda tsadar haya ce ta kora su mota, suna kiran abin sha'awa don rufin asiri. Wannan tambaya ce ta yaya da ƙane, ku biyu a waya: "Wane, lafiya dai ko? Babu matsala a wajen aiki?" In ya ce lafiya, ki karɓa. Masu magana kuwa, ko a gidan bene yake za su samo abin faɗa.

Sai karatu. Abin da ƙanenki ya yi bai saɓa dokar can ba. A duk jihohin Amurka 50 iyaye na da damar koyar da 'ya'yansu a gida, sai dai kowace jiha da sharaɗinta. Niyu Yok tana da tsauri: sai ka sanar da hukumar ilimi, ka kai tsarin abin da za ka koyar, ka riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara, a ƙarshe a auna yaron. Teksas kuwa, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a 1994, gidan da ake koyar da yaro kamar makaranta mai zaman kanta yake a idon doka. Ana so a koyar da karatu da nahawu da lissafi da zama ɗan ƙasa nagari, amma babu jami'in da zai zo duba littafi, babu jarrabawar dole. Don haka kada ki je masa da cewa ya karya doka, dariya zai yi miki. Nan gida ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai yaro firamare da ƙaramar sakandare. Kada kuma ki bari ya toshe miki baki da "ai doka ta yarda", domin in adireshinsa na Teksas ne, dokar yarda ta yi ta kau da kai. Babu mai duba karatun Ummi sai waɗanda suka haife ta.

Ni da kike gani shekara 26 na yi ina shaƙar ƙurar alli a firamare a cikin birnin nan, saboda haka ba za ki ji na ce duk yaron da ya sa yunifom ya yi karatu ba. Na riƙe aji mai yara fiye da 90, rabinsu a ƙasa, na baya ko muryata ba sa ji. Na sa hannu a takardar yaron da ya gama aji shida bai iya karanta jimla ɗaya ba, har yau abin yana ci na. Uwa mai ilimi da ta zauna da 'yarta awa biyu kullum za ta iya wuce abin da na yi a awa shida. Kuma ai mu muka ce tafiya mabuɗin ilimi. Yarinyar da ta tsaya a bakin makeken kwazazzabon Giran Kanyon ta ga yadda kogin Kolorado ya cinye dutse, ba sai na zana mata zaizayar ƙasa a allo ba. Labarin ƙasa, tarihi, sanin itatuwa da dabbobi, waɗannan ta taga ma shigowa suke.

Lissafi ne ba ya shigowa ta taga. Shi da rubutu da hadda 'yan ɗaki ɗaya ne, zama suke so, kullum, a lokaci ɗaya, ko ana marmari ko ba a yi. Kuma su tafiya ke fara ci: yau ranar tuƙi ce, gobe taya ta fashe, jibi babu intanet a dajin da aka sauka, gata an gaji. Kafin a farga wata ya mutu ba a buɗe littafi ba. In kina so ki san inda Ummi take, ba sai kin titsiye uwarta ba. Ki ce ta karanta miki shafi ɗaya na littafin da take so, ta ba ki labarinsa da bakinta. Ki yi mata cinikin Kantin Kwari: atamfa turmi uku a kan kaza-kaza, na ba da kaza, nawa ne canjina? Rabin mudu da rubu'in mudu in an haɗa, nawa ya rage mudu ya cika? Ki ce ta rubuto miki wasiƙa da hannunta a ɗauki hoto a turo. Wadda ake koya wa da gaske za ta yi waɗannan tana dariya. Iyayen kuma su sa wani bare ya yi mata jarrabawa sau ɗaya a shekara ko da doka ba ta tilasta ba, domin uwa ba ta iya ba 'yarta maki daidai, ko ta yi sassauci ko ta yi tsanani. Su adana littattafanta da kwanan wata. Ranar da za ta koma aji, can ko nan, shugaban makaranta takarda zai tambaya, hoton bakin teku ba zai yi masa komai ba.

Yanzu ki gyara zama, mun zo kan ciwon.

Mu ba baƙin tarbiyya a kan hanya ba ne, kuma na san ƙanenki zai kawo miki wannan hujjar, gara ki riga shi. Fataken Kano, Agalawa da sauransu, sun yi ta kai-komo Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, da samari a cikin ayarin suna koyon ciniki da harsuna. Alhazan ƙafa sun bi ta Barno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba, aka haifi 'ya'ya a hanya, aka sa su karatun allo a hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu tana da kimanin shekara 11, kusan sa'ar Ummi, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, shekarun da suka biyo baya kuma daga wannan sansani sai wancan, ga yaƙi ga yunwa, amma ta tashi malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Gwamnatin tarayya ma ta yarda cewa wani yaron makaranta ce ya kamata ta bi shi, shi ya sa ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. Duk gaskiya ne.

Amma duba da kyau, a cikinsu wa ya tafi daga shi sai matarsa sai 'ya'ya biyu? Falke a ayari yake tafiya, da madugu, da malamin ayari, da 'yan'uwa, su sauka a zangon da suka saba, wajen fatoman da ya san ubansu. Asma'u jama'a guda aka tashi da ita, yayyenta, matan gidansu, malamanta, sa'o'inta. Ruga in ta tashi, da kaka da gwaggo da abokan wasa take tashi, wurin ne ke canzawa, fuskokin suna nan. Tafiyar Ummi a juye take. Kullum sabbin fuskoki, mutum uku ne rak ba sa canzawa, biyu daga ciki kuma su ne iyaye, su ne malamai, su ne shugaban makaranta, su ne direba. In ta saɓa da malamarta da hantsi, da ita za ta ci abincin rana a kan teburin da aka yi faɗan. Ƙanenki ya ɗauko tafiyar kakanni, ya baro ayarin a gida.

Ɗan shekara 6 bai damu ba, duk wanda ya samu a wajen lilo abokinsa ne, gobe ya manta sunansa. A nan iyaye ke ruɗuwa. Sun fara tafiyar yara suna ƙanana, abin ya yi daɗi, ba su lura babbar ta girme wa tsarin ba. Daga shekara tara zuwa goma yarinya ta wuce neman abokiyar wasa, ƙawa take nema, ƙawa kuwa ba a yin ta a kwana huɗu. Sai an yi faɗa an yi gaba an shirya, sai an ba juna sirri an ga bai fita ba, sai an je bikin yayar wannan da sunan ƙanin waccan. Tuna ke da ƙawayenki na Islamiyya, waɗanda yau in kina da sha'ani su ne ke kwana a bakin murhu. Yaron da aka saba masa da sallama kowane mako yakan koyi abu ɗaya sarai: kada ya saki jiki da kowa, tunda rabuwa za a yi. Za ki gan shi da fara'a, ya iya gaishe da baƙo, ya iya hira da manya har a riƙa yabonsa, amma cikinsa a kulle. Wannan nake ji wa Ummi tsoro fiye da lissafi, don giɓin lissafi malami nagari zai cike shi a zangon karatu biyu.

Akwai kuma maganar da mu mata za mu fi ganewa. Nan da shekara ɗaya ko biyu jikinta zai fara canzawa. A irin motar nan makwancin yara galibi gado ne mai hawa biyu da labule, babu ƙofar rufewa, wanda ya shiga banɗaki kowa ya ji, ruwan wanka kuma da awo. Yarinyar da za ta fara al'ada tana buƙatar lungun da yake nata, inda za ta canza kaya ko ta yi kukanta ba tare da ƙani yana leƙe ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Wannan da uwarta za ki yi ta, mace da mace, kuma ina kyautata zaton ta riga ki tunanin, wanda za ta faɗa wa ne ta rasa. Na lura ba ki ɗora wa matar ƙanenki laifi ba ko a layi ɗaya, na kuma yaba miki. Ki tsare ta daga bakin sauran dangi. Matar da ke girki da wanki da koyarwa a wurin da bai kai zauren gidanku ba, ba ta da maƙwabciyar da za ta miƙa wa yaro ta ɗan kishingiɗa, ita ma a cikin kaɗaicin take.

To, shawarar da kika yanke, kada ki yi ta. Maigidanki rabin gaskiya ya faɗa. Kada ki shiga da ƙarfi, amma shiga kam sai kin shiga, ai 'yarki ce. Riƙo al'adarmu ce mai kyau, ni kaina a hannun gwaggota na tashi a Yakasai. Sai dai riƙo yana daɗi ne in yaro ya san gidan, ya san ƙamshin miyar, ya san bayan wa zai ɓuya in an biyo shi. Yarinyar da kukanta shi ne ana raba ta da mutane, sai maganin ya zama a raba ta da ukun da suka rage mata, a sauke ta a filin jirgin Malam Aminu Kano, a kai ta ɗakin kwanan ɗalibai inda za a yi ta dariyar Hausarta? Za ta ɗauka horo aka yi mata don ta yi magana, daga ranar kuma ba za ki sake jin cikinta ba. Sannan umarnin Hajiya ba sanda ba ce da ake ɗaukowa a kowace rigima. In ya bi, zai bi da ciwo a zuci, matarsa kuma ba za ta manta ba. In ya ƙi, kin jefa shi saɓa wa mahaifiya, kin ƙara wa tsohuwa hawaye.

Ki fara komawa wajen Ummi. Ki ce mata, "Maganar da kika faɗa min rannan, kin yarda in faɗa wa Abbanki, ko ke za ki faɗa ina kan waya?" In ta ce a'a, ki riƙe amana, ki kai maganar da bakinki a matsayin abin da kika lura da shi. Kada ki yi ta a zauren WhatsApp na dangi, inda kowa zai tsoma baki har da waɗanda ba su taɓa kiran yarinyar ba. In kin kira shi, ki fara tambayarsa abin da suka gani a hanya, ki saurara da gaske. Mutum ba ya karɓar gyara daga wanda ya raina abin da yake so.

Kada ki nemi ya sayar da mota, ba zai ji ba. Ki nemi abin da zai iya bayarwa. Ya rage gudu: maimakon kwana huɗu, wata biyu ko uku a wuri guda, kusa da garin da ke da ɗakin karatu da ƙungiyar iyaye masu koyarwa a gida, waɗanda ke haɗa yaransu mako-mako. A filayen gwamnati na yammacin ƙasar inda ake sauka kyauta, galibi kwana 14 ne iyaka, don haka dogon zama yana nufin biyan kuɗin wuri. To ya biya mana, ai kuɗin makaranta ne ya canza riga. Ya riƙa komawa wurare ɗaya duk shekara, yadda in Ummi ta ce wa ƙawa "sai baɗi" zai zama gaskiya. Akwai iyalai masu irin rayuwarsu da ke haɗa hanya, ya nemi gida biyu ko uku ya yi ayarinsa. Azumi kuma ya yi shi a gari mai masallaci, Hiyustan ko Dalas, inda Musulmi ke da yawa har da 'yan Nijeriya, yaran su ga sahun tarawihi, su sa kayan Sallah a gaban mutanen da suka san kayan Sallah. Sai babbar tambayar, wadda za ki ajiye masa ki yi shiru: "Wane, wannan tafiya yaushe za ta ƙare? Kuma in Ummi ta ce ta gaji, maganarta za ta yi aiki?" In ya ce "sai mun gani", bai taɓa tunanin ba ne. Kada ki ja, bar shi ya kwana da ita.

Naki aikin ya fi nasa sauƙi, don abin da Ummi ta rasa, mutanen da ba sa canzawa, a gidanki har sun yi yawa. Ki samo malamar Islamiyya ɗaya a nan Kano, mai haƙuri, ta riƙa yi musu karatu ta bidiyo ita da 'yarki tare, sura ɗaya, hadda ɗaya, kwana uku a mako. Ki lura da agogo: tsakaninmu da yawancin Teksas awa 7 ne da sanyinsu, awa 6 da zafinsu, don haka ƙarfe takwas na dare a Gwammaja, bayan Isha, rana ce tsaka a wajensu. Ki tanadi caji, kin san halin wutarmu. In an shafa fatiha malama ta sauka, a bar 'yan matan su yi minti ashirin suna shirmensu, kada babba ya tsaya a kansu. 'Yar gwaggo da 'yar kawu ai taubasai ne, ba sai an koya musu tsokana ba, kuma ta nan Hausar za ta dawo, faɗa ba zai dawo da ita ba. Mota ta je duk inda za ta je, ran Talata da takwas taubashiyarta tana nan.

Kano kuwa ta zo, amma hutu, da uwarta, da tikitin komawa a jaka. Ga amfanin rashin makarantar nan: babu kalandar da ta ɗaure su, za su iya yin wata biyu ko uku. A daidaita da Sallah ta ga hawa, ta bi 'yarki Islamiyya da ƙafa, ta hau Dala, ta ga marinar Ƙofar Mata, a yi mata kitso da lalle, ta yi rigima da sa'o'inta a kan wa zai wanke kwano. Su ga likita kafin su taso, don rigakafin cutar shawara da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, domin yaron da aka haifa can jikinsa bai san sauronmu ba. In bayan wata uku ita da bakinta ta ce tana so ta zauna, iyayenta kuma suka yarda, wannan wata magana ce daban, ki sake rubuto min.

Abin da zai sa in canza harshe shi ne in kika ga ta daina son zuwa waya, ko ta rame, ko ta koma fitsarin kwance, ko kin gwada ta kin ga shafi ɗaya ya gagare ta. To an wuce lallashi. A nan za ki samu babban da ƙanenki ke jin nauyi, kawunku ko aminin mahaifinku, ya kira shi ya ce a tsaya a gari ɗaya, a kai ta wajen likita, ta koma aji. Daga abin da kika rubuto ban ga an kai nan ba. Yarinyar da ta iya tsara damuwarta a jimla ɗaya, ta kuma san wajen wa za ta kai, da sauran ƙarfinta.

Hajiya kuma a ba ta aiki, zaman banza ke ƙara mata kukan. Ki sa a buga miki taswirar Amurka ki manna a ɗakinta, duk inda suka sauka Ummi ta faɗa, 'yarki ta sa alama. Ita kuma ran Juma'a ta riƙa yi wa takwararta tatsuniya ɗaya a waya, ko ta Gizo da Ƙoƙi ce, ta katse ta a rabi, sauran sai wani mako. Ki gaishe min da ita.